Manyan gonakin sola a karkara: wa ke biyan kuɗin, wa ke samun aikin, kuma filin waye?

A watan Mayun 2024 gwamnatin Italiya ta fitar da dokar hana shimfiɗa farantan sola a ƙasa a kan filayen noma, in ban da waɗanda aka ɗaga sama yadda za a ci gaba da shuka a ƙarƙashinsu. Bayan wata biyu kacal, sabuwar gwamnatin Birtaniya ta sa hannu kan gina manyan tashoshin sola uku a karkarar gabashin Ingila, ciki har da ta Sunnica, wadda masu binciken tsare-tsare na gwamnati suka ba da shawarar a ƙi amincewa da ita. A Amurka kuwa, dokar 2022 ta tsawaita rangwamen haraji ga masu gina irin waɗannan tashoshi, sai kuma wata dokar ta 2025 ta zo ta datse wa'adin. Wanda ke bin labaran nan yana da dalilin ruɗewa. Fasaha ɗaya ce, rana ɗaya ce ke fitowa, amma wannan ƙasa na buɗe ƙofa, waccan na rufewa.

Abin da ke janyo ruɗanin shi ne muhawara uku ce ake cakuɗawa wuri guda: ta tallafi, ta ayyukan yi, da ta fili. Kowace da nata lissafin. Sai dai duk ukun suna haɗuwa a tambaya guda, wato yadda aka raba riba da asara tsakanin mutane, kuma yawanci ana gama wannan rabon ne a takarda tun kafin a kafa turke ɗaya.

Me ake nufi da gonar sola?

Gonar sola fili ne mai faɗi da aka jera dubban farantai, wani lokaci miliyoyi, a kan turakun ƙarfe domin samar da lantarkin da za a sayar ta babban layin wuta na ƙasa. Ta bambanta da farantin da ke kan rufin gida, ta kuma bambanta da ƙaramar tashar da ke ba ƙauye ɗaya wuta. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin wutar babbar tasha ba ta tsayawa a ƙauyen da ke makwabtaka da ita. Tana hawa manyan wayoyi ne ta nufi inda masu saye suke.

Ana auna girman tasha da megawat, wato iyakar ƙarfin da za ta iya bayarwa lokacin da rana ta take. Abin da ta samar a zahiri kuwa ana ƙirga shi da kilowat a awa, irin ma'aunin da ke kan mita. Tunda ba rana da dare, ga kuma gajimare da ƙura, tashar da ke yankin da rana ke da ƙarfi takan samar da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na abin da za ta bayar in da tana aiki ba dare ba rana. A ƙasashe irin su Jamus da Birtaniya abin bai wuce kashi 10 zuwa 11 ba.

Batun faɗin fili kuma, tashar Bhadla da ke jihar Rajasthan a Indiya tana da megawat 2,245 a kan kadada (wato hekta) kusan 5,700. Ta Benban da ke kusa da Aswan a Masar tana da kimanin megawat 1,500 a kan murabba'in kilomita 37. In aka raba, kowane megawat ya ci kusan kadada biyu da rabi. Sababbin farantai sun fi ƙarfi, don haka tashoshin da ake ginawa yanzu sukan ci ƙasa da haka, amma har gobe tasha mai megawat 100 tana buƙatar filin da ya kai gonakin iyalai masu yawa.

Tallafi iri-iri ne

Da an ce tallafi, hankalin mutane kan tafi ga kuɗin da gwamnati ke miƙa wa kamfani hannu da hannu. A harkar sola wannan shi ne mafi ƙaranci. Wanda ya fi tasiri a tarihi shi ne ƙayyadadden farashi: doka ta tilasta a sayi duk wutar da tashar ta samar a kan farashin da aka yanke, tsawon shekaru masu yawa. Jamus ce ta yi fice a nan da dokarta ta shekarar 2000, wadda ta ba da tabbacin kimanin santi 50 na yuro a kan kowane kilowat a awa har shekara 20. Ba daga baitulmali aka riƙa biya ba. An ɗora kuɗin ne a kan takardar biyan wutar jama'a, kuma ƙarin ya kai santi 6.88 a 2017 kafin a soke shi a 2022. Manyan masana'antu masu cin wuta da yawa an yafe masu galibin wannan ƙari, abin da ya sa nauyin ya fi sauka a kan gidaje da ƙananan 'yan kasuwa.

Amurka ta bi hanyar haraji: a ƙarƙashin dokar 2022, wanda ya gina tasha akan cire masa kashi 30 cikin 100 na kuɗin ginin daga harajin da ake bin sa. Birtaniya kuma tana amfani da yarjejeniyar cike giɓi. Kamfanoni su yi takara, a tsayar da farashi. In farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da shi, a cika wa kamfani. In ya haura, kamfani ya mayar da rarar. A 2022, lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, masu irin wannan yarjejeniya sun mayar da kuɗi.

Akwai kuma tallafin da ba ya fitowa a kasafin kuɗi: filin da gwamnati ta bayar a kan farashi mai sauƙi, hanya da layin wutar da aka ja da kuɗin jama'a, yafe harajin shigo da kaya, da kuma lamunin da gwamnati ke tsayawa cewa in kamfanin rarraba wuta ya kasa biya, ita za ta biya. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne nauyi a ƙasashe masu tasowa. Dalili kuwa, tashar sola ba ta sayen mai ko gas ko kwal, kusan duk kuɗinta a ranar gini ake kashe su, kuma yawanci rance ne. Saboda haka kuɗin ruwan da banki ya ɗora shi ke yanke farashin wutar. Hukumar makamashi ta duniya ta nuna cewa tsadar rancen irin waɗannan ayyuka a ƙasashe masu tasowa ta ninka ta ƙasashe masu arziki aƙalla sau biyu. Lokacin da Zambiya ta samu farashin kimanin santi 6 na dala a takarar 2016, a ƙarƙashin wani shirin Bankin Duniya, ba don ranarta ta fi ta makwabta zafi ba ne. An tanadi fili, an ba da lamuni, an sauƙaƙa rance.

Hujjojin ɓangarorin biyu kan tallafi

Masu goyon baya suna nuni da abin da ya faru da farashi. Alƙaluman IRENA, hukumar duniya mai kula da makamashin da ake sabuntawa irin su rana da iska, sun nuna kuɗin samar da wuta daga manyan tashoshin sola ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023, daga kusan santi 46 na dala zuwa ƙasa da santi 5. A ganinsu tallafin farko ne ya samar da kasuwar da ta sa masana'antu suka faɗaɗa har kaya suka yi araha. Suna ƙarawa da cewa mai da gas da kwal ma ba da ƙafarsu suke tsaye ba: asusun IMF ya ƙiyasta tallafin kai-tsaye da aka ba su a duniya a 2022 ya kai dala tiriliyan 1.3, ban da asarar da hayaƙinsu ke janyo wa lafiya da yanayi.

Masu adawa su ma da wannan faɗuwar farashin suke kafa hujja. In har sola ta zama mafi araha, me ya sa za a ci gaba da ɗaukar nauyinta? Suna kuma cewa farashin da ake yayatawa na wutar rana tsaka ne kawai. Da magariba, lokacin da gidaje suka fi buƙatar wuta, sai an koma ga batir ko wata tashar, kuma wani ne zai biya kuɗin wannan tanadi da na faɗaɗa layuka. Wannan magana tana da tushe. A wuraren da sola ta yawaita, kamar Kalifoniya da Jamus da kudancin Ostireliya, farashin sari yakan faɗi ƙasa da sifili da tsakar rana, har a umarci wasu tashoshi su rage wutar da suke turawa. Farashin batir ma yana sauka da sauri, amma bai zama kyauta ba.

Akwai darasin da ɓangarorin biyu ke ɗauka daga Sifaniya. A 2007 ta sa farashi mai tsoka ba tare da ƙaƙƙarfan linzami ba, aka yi rububin gini a 2008, nauyin ya fi ƙarfin tsarin. Daga 2010 zuwa 2014 gwamnati ta riƙa zabtare abin da ta yi alkawari, har ga tashoshin da aka riga aka gina. Manyan masu zuba jari na waje suka kai ƙara kotunan sasanci na ƙasa da ƙasa, da dama suka yi nasara. Dubban iyalan cikin gida da suka ci bashi suka sa a ƙananan tashoshi ba su da wannan ƙofa. Abin da ya fito fili a nan shi ne tsarin tallafin ya fi yawansa muhimmanci. Shi ya sa yawancin ƙasashe suka koma ga takara, inda kamfanin da ya nemi farashi mafi ƙanƙanta ke samun kwangila. A Jamus ɗin da ta fara da santi 50, takarar manyan tashoshi yanzu takan tsaya wajen santi 5.

Ayyukan yi: na wata nawa, kuma a ina?

Wanda ya je wurin da ake gina gonar sola zai ga hada-hada. Motocin ƙasa na daidaita fili, injin na buga turakun ƙarfe cikin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwan ma'aikata na ɗaura farantai suna ɗaure kusoshi, wasu na haƙa ramin wayoyi, masu sayar da abinci da direbobi na samun ciniki. Wannan yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. In ya koma bayan an buɗe tashar, abin da zai tarar shi ne shingen waya, kyamarori, ƙarar inbata a hankali, da mutane ƙalilan: masu gadi, masu yanke ciyawa, masu wanke farantai, da injiniyoyin da wani lokaci daga wani gari suke lura da tashar ta kwamfuta. A Bhadla, inda ruwa ke da wuya, an sa na'urori masu share ƙura da kansu a sassa da dama, abin da ya ceci ruwa, ya kuma rage masu wankin.

Saboda haka in kamfani ya ce aikinsa zai samar da guraben aiki dubu, bai yi ƙarya ba, amma tambayar da ta dace ita ce nawa ne na lokacin gini, nawa ne na dindindin, nawa ne kuma za a ɗauka daga yankin. Ƙarancin ma'aikata na cikin abin da ya sa wutar sola ke da araha. Ba zai yiwu a yi alfahari da arhar ba, sannan a yi alkawarin aikin dindindin ga kowa a ƙauyen.

Alƙaluman duniya ma sai an duba su da kyau. IRENA ta ƙiyasta mutane kimanin miliyan 7.1 ne ke aiki a fannin farantan sola a 2023, amma kusan miliyan 4.6 daga cikinsu a Sin suke, inda ake ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan. Jamus ta ɗanɗana wannan: ta biya tallafin da ya buɗe kasuwa, amma manyan kamfanoninta masu ƙera farantai suka durƙushe, Q-Cells a 2012, SolarWorld a 2017. Sanya farantai a rufin gidaje kuwa ya fi manyan tashoshi ɗaukar ma'aikata a kowane megawat, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ya fi tsada.

Amfanin da ya fi daɗewa ga yanki yawanci ta haraji da kuɗin haya yake zuwa, ba ta albashi ba, kuma shi ma sai an rubuta shi. Shirin Afirka ta Kudu na sayen wutar sola da ta iska daga kamfanoni masu zaman kansu, wanda aka fara a 2011, ya sa sharaɗin cewa al'ummar da ke kewaye ta mallaki aƙalla kashi 2.5 cikin 100 na hannun jarin tashar, a kuma kashe wani kaso na kuɗin shiga kan ayyukan raya yankin. Ƙorafin da aka yi ta yi shi ne ribar hannun jarin ba ta zuwa da kauri sai an biya bashin da aka saye shi da shi, wanda kan ɗauki shekaru. A Jamus, tun 2021 doka ta yarda mai tasha ya biya ƙaramar hukuma santi 0.2 a kan kowane kilowat a awa. Ga tasha mai megawat 100 a yanayin ƙasar, hakan ya kai wajen yuro 200,000 a shekara, kuɗin da ƙaramar hukumar karkara za ta gani a jikinta.

Fili: lissafin ƙasa da lissafin ƙauye

A nan muhawarar ta fi zafi, kuma a nan ne ɓangarorin biyu suka fi yin magana ba tare da sun saurari juna ba, domin kowa da ma'aunin da yake riƙe da shi.

In aka auna da faɗin ƙasa baki ɗaya, filin ba shi da yawa. A Birtaniya gonakin sola sun mamaye kusan kashi 0.1 cikin 100 na ƙasar, kuma ko an cika burin gwamnati ba za su kai kashi 1 ba. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta a 2021 cewa ko sola ta zama ginshiƙin lantarkin ƙasar zuwa 2050, filin da za a buƙata bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba, kimanin eka miliyan 10. Wannan bai kai filin da ake noma masarar da ake mayarwa man mota ba, domin fiye da kashi ɗaya bisa uku na masarar Amurka can take tafiya. Don haka da wuya a kafa hujja da alƙaluma cewa gonakin sola za su jefa irin waɗannan ƙasashe cikin ƙarancin abinci.

Amma ba wanda ke zaune a cikin kashi 0.1. Mutum a ƙauyensa yake zaune, kuma in tashar ta zo, tana iya cin rabin gonakin da yake gani daga ƙofar gidansa. Tashoshin ba sa warwatsuwa daidai wa daida. Suna taruwa ne inda fili ke shimfiɗe, ba duwatsu, ba kurmi, kusa da hanya, kuma uwa-uba kusa da babbar tashar rarraba wuta da ke da sauran gurbi. Waɗannan siffofi su ne siffofin gona mai kyau. Shi ya sa tambayar da mutane ke yawan yi, me ya sa ba za a kai su hamada ko rufin gidaje ba, take da amsa mai ɗaci: hamada na buƙatar dogon layin wuta mai tsada, rufi kuma ƙanana ne, kowanne da mai shi. Duk da haka akwai ƙasashen da suka tura ta can da doka. Faransa ta wajabta a 2023 cewa manyan wuraren ajiye motoci da suka wuce murabba'in mita 1,500 su rufe aƙalla rabinsu da rumfunan sola. A jihar Ohayo ta Amurka kuwa, dokar 2021 ta ba ƙananan hukumomi ikon hana manyan tashoshi a yankunansu, kuma da dama sun yi amfani da ikon. Manoman da ke son ba da hayar filinsu suna ganin wannan a matsayin tauye masu haƙƙi a kan dukiyarsu.

Wanda ke da takarda da wanda ba shi da ita

Tashar Pavagada da ke jihar Karnataka a Indiya, mai megawat 2,050 a kan eka kusan 13,000, ana yawan kawo ta a matsayin misalin adalci, kuma akwai dalili. Ba a ƙwace filin ba, ba a kuma saye shi ba. An karɓi haya ne daga manoma kimanin 2,000 na tsawon shekara 28, a kan rupi 21,000 kowace eka a shekara, da ƙarin kashi 5 cikin 100 duk bayan shekara biyu. A yankin da fari ya addaba, inda gyaɗa ke yi bana ta ƙi baɗi, wannan kuɗi ne tabbatacce. Mai eka goma zai karɓi rupi 210,000 a shekara ko an yi ruwa ko ba a yi ba, kuma filin na nan da sunansa.

To amma a duba makwabcinsa da ba shi da ko taku ɗaya na gona. Shi da matarsa ƙwadago suke yi a gonar mai eka goman, shuka da noma da girbi. Awakinsu a gefen gonakin suke kiwo, itacen girki daga nan ake samo shi. Ranar da aka zagaye filin da waya duk wannan ya tsaya, kuma sunansa ba ya cikin kowace yarjejeniya. Masu binciken da suka bi ƙauyukan yankin sun ruwaito cewa marasa fili, musamman mata da 'yan ƙabilun da ake ƙasƙantarwa, su suka fi rasa abin yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko a ƙasashe masu arziki akwai irin wannan: a Ingila manomin da ke hayar gona yana iya rasa ta in mai filin ya ga hayar kamfanin sola ta ninka abin da yake karɓa.

Lamarin ya fi muni inda filin na al'umma ne. Gwamnatoci na son kafa tashoshi a wuraren da takardunsu suka kira fili marar amfani, saboda ba sai an yi ciniki da ɗaruruwan masu gona ba. Sau da yawa wannan filin makiyaya ce. A Charanka da ke jihar Gujarat, inda aka buɗe ɗaya daga cikin manyan tashoshin farko na Indiya a 2012, makiyayan Rabari sun rasa wurin kiwon da suka daɗe suna amfani da shi, kuma da yake a takarda filin gwamnati ne, ba su cikin waɗanda doka ta sani a matsayin masu haƙƙin diyya. A Warzazat ta Maroko, an sayi kimanin kadada 3,000 na filin al'umma domin tashar Noor a kan kusan dirhami ɗaya kowane murabba'in mita, kuɗin kuma aka zuba su a asusun da hukuma ke kula da shi domin ayyukan raya yankin, ba a hannun mutanen ba. Gwamnati ta nuna hanyoyi da sauran ayyukan da aka yi. Mazauna da dama sun ce ba a nemi ra'ayinsu yadda ya kamata ba. Ana iya samun gaskiya a maganganun biyu, amma abin da ba a musu a kai shi ne wanda haƙƙinsa na al'ada ne, ba na takarda ba, shi ake fara mantawa da shi.

Noma da wuta a fili ɗaya

Tun 1981 wasu masana biyu a Jamus, Adolf Goetzberger da Armin Zastrow, suka kawo shawarar a ɗaga farantai sama a yi noma a ƙasa. Japan ta halatta hakan a gonaki a 2013, da sharaɗin kada amfanin gona ya faɗi ƙasa da kashi 80 cikin 100 na abin da ake samu a yankin. Dokar Faransa ta 2024 ta sa nata ma'aunin a kashi 90. A wani gwaji da aka yi a Heggelbach da ke kudancin Jamus, inda aka ɗaga farantai mita 5 don tarakta ta wuce, alkama da dankali sun ragu da kusan kashi ɗaya bisa biyar a 2017. A 2018 kuwa, shekarar zafi da fari, waɗanda ke ƙarƙashin inuwar sun fi na fili yi. Wannan ya nuna dabarar za ta fi amfani a inda zafi da ƙarancin ruwa ke dukan shuka.

Tsadar ƙarafan ɗagawa ce ke hana ta yaɗuwa. Abin da ya fi yawa a aikace shi ne kiwon tumaki a tsakanin layukan, domin sukan cinye ciyawar da da sai an biya a yanke. Shanu sun yi girma, suna goga jiki da turaku. Awaki kuma suna hawa kan farantai suna tauna wayoyi. Sai dai tumakin da ke ciki na wanda ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin ne, ba lallai na makiyayin da aka rufe wa hanya ba.

Abin da zai shafi mai biyan kuɗin wuta

Ƙarin wutar sola yakan sauko da farashin sari da rana, amma saukar ba ta isa ga takardar biyan wuta kai-tsaye, domin a cikinta akwai kuɗin layuka da na tanadin dare da tsofaffin alkawura. A ƙasashen da ke ƙulla yarjejeniyar sayen wuta da dala alhali jama'a na biya da kuɗin gida, faɗuwar darajar kuɗi tana iya mayar da wuta mai araha ta zama mai tsada cikin shekara guda. Yawancin yarjejeniyoyin kuma suna ɗauke da sharaɗin a biya kamfani ko an karɓi wutar ko ba a karɓa ba. In layin ƙasa ba shi da ƙarfin ɗauka, jama'a za su biya kuɗin wutar da ba ta iso gidan kowa ba. Ga ƙauyen da ke jikin tashar kuma, kasancewar farantai a bayan gida ba ya nufin ya samu wuta, sai in an sa haɗa shi da layi a cikin sharuɗɗan aikin.

Bayan shekara talatin

Farantai kan rage ƙarfi da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara, ana kuma tsara tashoshi su yi shekara 25 zuwa 30, wasu har 40. Kamfanoni na cewa za a iya zare turakun a mayar da filin gona, har ma ƙasar ta huta daga taki da maganin feshi. Hakan na iya yiwuwa in an yi gini da kula. In kuwa an kankare ƙasar sama don daidaita fili, ko manyan motoci sun danne ta tana jiƙe, ko an fasa magudanan ruwa, farfaɗo da ita zai ɗauki lokaci mai tsawo. Tashoshi kan sauya hannu sau da yawa a tsawon rayuwarsu, kuma kamfanin da ya sa hannu a yarjejeniyar farko ba lallai ne shi zai kasance a wurin ranar kwashe kaya ba. Saboda haka jihohi da ƙananan hukumomi da dama a Amurka suke tilasta wa mai tasha ya ajiye kuɗin jingina ko takardar lamunin banki da za ta isa a cire kayan a gyara filin, a kuma riƙa sabunta ƙiyasin lokaci zuwa lokaci. Inda babu wannan sharaɗi, in kamfanin ƙarshe ya karye, mai filin ko ƙaramar hukuma ne za su gaji aikin kwashe turaku da wayoyi da farantai da kuɗinsu.